Shekarar da Na Kwafi Garken Baba

Na san kun ji maganar, don haka ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Da wuya a yi biki ko suna a danginmu, daga Kademi har Ajingi, a watse ba a sami wata tsohuwa ta ja ɗayanku gefe ta raɗa masa cewa ubanku ya taɓa cin shanun ƙanwarsa ba. Wasu su ce tsoron Allah ne ya sa na mayar, wasu su ce tsoron alƙali. Ku kuma kunya ta hana ku tambayata, sai dai ku dawo gida kuna kallona a kaikaice. To yau zan faɗa muku da bakina, tun idona yana ganin rubutu. Shanun goggonku Uwani sun shiga hannuna, wannan gaskiya ne, ba na musu. Yadda aka yi suka shiga ne ba wanda ya taɓa zama ya saurara har ƙarshe.

Mu Fulanin zaune ne. Tun zamanin kakana aka daina tashi, aka kama noman gero da gyaɗa a gefen Kademi, amma ba mu rabu da shanu ba. Al'adar gidanmu ita ce ranar sunan yaro, da zarar liman ya shafa fatiha, sai Baba ya shiga garke ya dafa karsana ya ce wannan ta wane ce. Daga ranar, duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta da jikokinta suka haifa, na wannan yaron ne, mace ne ko namiji. Ba a ware su, tare suke kiwo, tare ake tatsa, nonon na kowa ne. Ko yarinya ta yi aure ta tafi wani gari, shanunta suna nan gidan ubanta suna hayayyafa. Mu uku Baba ya haifa. Yaya Buba, wanda kuke ce wa Baffa Buba, ya sami baƙa mai suna Baleye. Ni na sami ja, Wodeye. Auta kuwa, da yake sunan mahaifiyar Baba ta ci shi ya sa ake kiranta Uwani, sai ya ba ta Raneye, fara sol, daga cikin shanun da tsohuwar ta bari. Waɗancan karsanun na farko sun daɗe da mutuwa, amma sunayen suna nan: a ce gidan Baleye, gidan Wodeye, gidan Raneye. Ba a yi musu shaida da wuta ba, ba a tsaga musu kunne ba. Wa ya haifi wa, wa ke da wa, duk a kan Baba yake.

Da kun ga Baba da safe a wancan lokacin. Ana idar da sallar asuba zai ɗauki sandarsa ya shiga tsakiyarsu, hayaƙin da aka tura don korar ƙuda yana tashi, matar Yaya Buba tana tsugune da ƙwarya tana tatsa. Zai bi su ɗaya-ɗaya, ya ɗora tafin hannu a gadon bayan saniya, ya faɗi sunanta da na uwarta da na kakarta, ya ce wannan an haife ta shekarar da rijiyar gabas ta rufta, waccan uwarta ce ta taɓa tunkuyin mai unguwa. Ba da kowa yake yi ba, da su yake hira. Su kuma suna jin muryarsa za su fara miƙo wuya. Ni dai ban gaji wannan ba. Ni aka tura boko tun ina ƙarami, don in aka ba ni kiwo sai a tsince ni a gindin tsamiya ina zane a ƙasa, shanu suna cikin dawar mutane. Har na yi gemu, in ka jera mini farare biyu ba zan ce maka ga uwa ga 'ya ba. Yaya Buba yakan ce ni dai nono kawai na sani, shi ma sai an dama.

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gaya kafin a kawo mana kwamfutoci. Da aka nemi wanda zai je Kano kwas, samarin malamai suka yi ta dariya da na ɗaga hannu, ni da na haura arba'in. Haushin dariyar nan ne ya sa na koya fiye da abin da aka tura ni, har na iya gina shafin intanet da kaina, ina rubuta masa umarni yana bi. Na dawo ina jin kaina, ba zan ɓoye muku ba. A gidanmu duk wanda ya iya abu a kan shanu ya iya shi, ni ne kawai ba ni da komai, sai ga shi na sami abin da ba mai yi mini gyara a cikinsa.

A shekarar da nake ba ku labari ne mantuwa ta fara taɓa Baba. Da farko ƙananan abubuwa: ya nemi carbinsa alhali yana wuyansa, ya kira jika da sunan ubansa. Wata safiya kuma ya dafa wata saniya, ya daɗe a tsaye, sunan ya ƙi zuwa. Yaya Buba ya gani ya kawar da kai kamar bai gani ba. Da na je gaisuwa ranar Asabar, Baba ya sa aka kira ni zaure.

"Kai da injin nan naka," in ji shi, "zo ka kwashe abin da ke kaina tun bai zube ba."

Ban taɓa jin daɗin wata magana a duniya kamar wannan ba. Shekara arba'in da ɗoriya, sai ranar Baba ya nemi wani abu a wurina da Yaya Buba ba zai iya yi masa ba.

Haka muka kwashe damina guda. Kowace Asabar in hau babur daga Gaya, kwamfuta a jaka a bayana, in iske an shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Baba ya jingina, ya lumshe ido, ya fara jero su, ni ina bugawa. In na yi saurin wucewa ya daka mini tsawa, in na tambaye shi sau biyu ya ce kunnena ne ko na injin ne ba ya ji. Yakan bar lissafin shanun ya shiga labarin uwarsa, yadda take ɗaukar ƙwaryar nono a ka har kasuwar Gaya ta dawo kafin azahar, ni kuma in ɗage hannu in saurara, don ban taɓa jin ya yi doguwar magana da ni haka ba. Da rana a kawo mana fura da kindirmo, mu sha da ludayi ɗaya. Na yi masa bayanin yadda na tsara abin: kowane ɗa yana da akwatinsa, a cikin akwatin akwai jerin shanunsa, kowace saniya kuma ita ma akwati ce mai ɗauke da jerin 'ya'yanta, haka har ƙasa. Ya yi tunani ya ce ashe kwanukan jeren amarya ne, babba ta haɗiye ƙarama. Ya fi malamanmu na Kano iya bayani. Da muka gama ya yi ta jarraba shi, ya tambayi kakar wance, ya tambayi 'ya'yan wance nawa, injin yana ba shi amsa daidai. Ya tambaye ni ko wannan abin yana mantuwa. Na daki ƙirji na ce ba ya mantuwa, ba ya kuma ƙarya. In da akwai kwanakin da zan roƙi Allah ya maimaita mini, to waɗannan Asabar ɗin ne.

Bayan an yi girbi, Yaya Buba ya zo da shawarar a tura yawancin garken kudu su ci rani, don wurin kiwo ya ƙuntata, gonaki sun cinye burtali. Ya ce in duba masa a injin waɗanda za su tafi da waɗanda za su zauna. Ni kuma, da wayona, na ce ba zan taɓa ainihin abin da Baba ya faɗa ba, zan yi kwafi in yi ta jujjuya shi yadda nake so, in na gama in jefar. Masu gina shafi suna da tarin kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta, sai dai ka ɗauko ka yi amfani da su, a ciki har da umarnin yin kwafi. Na kira shi, ya ba ni garke na biyu, komai da komai iri ɗaya. Muka zauna da Yaya Buba muna rabawa. Akwai wata saniya da ake kira Guntuwa, saboda ƙahonta ɗaya ya karye tun tana maraƙa. 'Yar gidan Raneye ce, ta Uwani ke nan, amma ta ɗauko jan ubanta, duk wanda bai sani ba zai rantse daga gidan Wodeye ta fito. A lokacin tana fama da ciwon kofato, ga ɗan maraƙi tana shayarwa, ga wasu 'ya'yanta biyu. Yaya Buba ya ce ba za ta iya tafiyar ba, a bar ta gida tare da nawa, waɗanda dama za su zauna. Sai na cire ta da 'ya'yanta uku daga jerin Uwani na sa su a jerina, a cikin kwafin, don kawai mu ga adadin masu zama. Kwana kaɗan bayan haka aka ce hanyar ba lafiya, aka fasa tafiyar. Na goge kwafin, na manta da zancen.

Ga abin da ban sani ba. Umarnin nan, in ba ka ce masa ya shiga har ƙasa ba, saman kawai yake kwafa. Zai yi maka sabon babban akwati, amma jerin da ke ciki ba sababbi ba ne, na asalin ne yake nuna maka. Na zaci rumbu na biyu na gina, ashe ƙofa ta biyu na fasa a jikin rumbun farko. Duk abin da na ɗiba ta sabuwar ƙofar, daga hatsin Baba na ɗiba. Na toshe ƙofar na tafi, amma ɗibar tana nan. Shafin kuma ni na gina shi ya riƙa adana duk canjin da aka yi. Tun daga ranar, Guntuwa da 'ya'yanta suna zaune a ƙarƙashin sunana, ba wanda ya sani, har ni.

Da rani ya fara shiga, Baba ya ce zai damƙa wa kowa shanunsa tun yana da rai, kada a yi rigima a bayansa. Aka sa rana. Uwani ta zo daga Ajingi da mijinta Malam Isyaku da yayyensa biyu a matsayin shaidu, ga liman, ga dattawan unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi a bakin garke da hantsi. Na sa babbar riga, na bugo takardu a Gaya, na tsaya ina karantawa, Yaya Buba yana kamo saniya yana kai ta turken mai ita. Komai yana tafiya lafiya har na zo kan Guntuwa a cikin nawa. Na lura Yaya Buba ya ɗan tsaya da igiya a hannu. Sai na ji muryar Uwani daga inda mata suke, ƙasa-ƙasa.

"Yaya, a gafarce ni. Guntuwa ta gidan Raneye ce."

Kun san halina, ba sai an gaya muku ba. Ranar da nake ganin tawa ce, a gaban surukai da liman, ƙanwata za ta ce aikina da kuskure? Raina ya ɓaci nan take. Na ce mata ita da ta yi shekara ashirin a Ajingi, yaushe ta san shanun gidan nan fiye da abin da Baba ya faɗa da bakinsa? Na ce kowa ya dubi launin saniyar, ina fari a jikinta? Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa in tana son ƙari ne ta roƙa a ba ta, ba sai ta bi ta wannan hanyar ba. Uwani ta juya wajen Baba.

"Baba, kai ka nuna mini ita ranar da na zo wankan jegon ɗana Habu. Ka ce ga jikar Raneye ta fito ja."

Baba ya dubi saniyar, ya daɗe yana kallonta. Na ga leɓensa yana motsi. Sannan ya dubi takardar da ke hannuna, ya sunkuyar da kai.

"Abin da ke takarda daga bakina ya fito, lokacin ina da kaina," in ji shi. "A bi takarda."

Aka kai Guntuwa da 'ya'yanta turkena. Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska, ko abincin da aka dafa domin su ba ta ci ba, suka hau mota suka koma. Ni kuwa har da jin na yi nasara.

Bayan wannan abubuwa biyu suka canza a gidan, kuma ban haɗa su da juna ba. Uwani ta ɗauke ƙafa. Sallah ta zo ta aiko yara da tuwo, ita ba ta zo ba. In na kira ta a waya, daga ina kwana sai sai anjima. Daga baya na ji cewa a gidan mijinta an mai da ita abin zolaya, matan yayyen miji suna ce mata mai neman saniyar da ba tata ba, ita da ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Na biyu kuma, Baba ya daina shiga garke da safe. Zai idar da sallah ya zauna a kan buzunsa a zaure har rana ta take. In an tambaye shi wani abu na da, ko ranar da aka haƙa rijiya, sai ya ce a tambayi Umaru, wato ni, shi kam ba ya rantsuwa a kan komai yanzu. Muka ce tsufa ne.

Sai tsakiyar damina asirina ya tonu, ni kaɗai a ɗakin kwamfuta na makaranta, da rana tsaka, janareta yana ta ƙara. An ce in tsara yadda azuzuwa za su kasance a shekara mai zuwa. Na yi kwafin jerin ɗalibai da umarnin nan dai, na ɗauke wata yarinya daga aji ɗaya na kai ta wani. Da na koma in duba wani abu a jerin asali, sai na ga ita ma can ta tashi. Na ce ikon Allah. Na sake gwadawa da wani suna, shi ma ya tashi. Na buɗe bayanin da masu umarnin suka rubuta, na karanta a hankali, abin da ya kamata in yi tun farko. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: in kana son kwafi mai zurfi, wanda zai bi kowane akwati da kowane jeri ya yi maka sabo, sai ka ƙara kalma ɗaya a farkon umarnin. Kalma ɗaya tak. Ina cikin murnar na gano matsalar makaranta sai Guntuwa ta faɗo mini a rai. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya bi ta hannuna na koya masa: in ka yi kwafi, canza abu ɗaya a ciki, ka koma ka dubi na asali kafin ka ƙara taɓa komai.

Ko rufe ɗakin ban tsaya yi ba, na hau babur sai Kademi. Na sami Yaya Buba a gona yana bin shanun huɗa. Na tambaye shi wace ce uwar Guntuwa. Ko juyowa bai yi ba ya ce 'yar gidan Raneye ce mana, wa bai sani ba? Na ce to me ya hana shi magana ran nan?

"Baba yana zaune, takarda tana hannunka, ni wane ne?" in ji shi. "Na ɗauka kyauta ya yi maka saboda wahalar da ka sha, bai so ya faɗa a gaban mutane ba."

Ashe matarsa da take tatsarta kullum ta sani. Dattawan unguwa biyu sun sani. Kowa ya yi shiru don kada ya ƙaryata tsoho a gaban baƙi, ko ya kunyata malami a gaban ubansa. Mutum ɗaya ce ta buɗe baki, ita kuma na ci mata mutunci.

Da na yi masa bayani, Yaya Buba ya ce abin mai sauƙi ne. 'Yar Uwani za ta yi aure bayan kaka, in tura mata shanun a matsayin gudummawa, kowa ya yaba mini, magana ta mutu. Ba zan yi muku ƙarya ba, shawarar ta kwanta mini. A lokacin wata ƙungiyar manoma a Gaya tana shirin ba ni aikin gina mata shafi na rabon iri, kuma labarin garken Baba ne ya sa suka neme ni. In aka ji injina ya ba ni shanun ƙanwata, wa zai sake yarda da ni? Mako guda ina juya abin. Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, tana tankaɗe na gaya mata. Ba ta ko ɗago ba ta ce yaya za a yi in ba mutum kyautar abinsa, kuma a gaban jama'a na kira Uwani mai kwaɗayi, gudummawar biki ba za ta goge wannan ba. Na yi mata faɗa na fita. Washegari na ce wa Yaya Buba ya shirya, za mu kora su Ajingi da ƙafa.

Mun tashi bayan asuba. Guntuwa ta sake haihuwa a hannuna, sun zama biyar. Ku yi tunanin ubanku, da tumbinsa da takalmin makaranta, yana bin shanu ta 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki, dawa ta kai ƙugu, taɓo har idon sawu. Sau biyu suna faɗawa gyaɗar mutane ina ba da haƙuri, Yaya Buba yana dariya har da hawaye, yana cewa shekara arba'in ban ƙaru da komai ba. Rabon da mu yi tafiya mu biyu haka tun muna yara. Muka raba ɗanyar gyaɗa da wani manomi ya tuge mana, muka yi azahar a gindin wata kuka. Sai la'asar muka shiga Ajingi, ashe kuma ranar kasuwa ce, mutane suna dawowa, kowa yana tambayar ina za a kai shanu.

A ƙofar gidan Malam Isyaku na sa aka kira shi da yayyensa biyun nan da suka yi shaida, maƙwabta kuma suka taru ba a gayyace su ba. Na tsaya da taɓo a wando na faɗi komai: cewa shanun nan na Uwani ne tun asali, cewa gaskiya ta faɗa ran nan, ni ne na yi kuskure a aikina na kuma ɗora mata sharri a kai. Babban yayan ya tambaye ni, to injin ne ya yi ƙarya ko ni? Na ce injin abin da na sa shi ya yi, laifin nawa ne. Na ga yadda suka kalli juna, na san ba duka suka yarda kuskure ba ne. Daga wannan tsayuwar ne maganar da kuke ji ta samo asali. Aikin ƙungiyar manoma kuwa ko sallama ba su sake yi mini ba, kuma har na yi ritaya ba wanda ya ƙara kawo mini irinsa a Gaya. Ya yi mini ciwo, ba kaɗan ba.

Uwani tana bayan ƙyauren zaure, ta ji komai. Da mutane suka ragu na shiga na durƙusa, ni da nake yayanta, na nemi gafara. Ko leƙa shanun ba ta yi ba.

"Na yafe maka, Yaya," in ji ta. "Ka faɗa wa Baba?"

Na ce a'a. Na ce tsoho ne, ba zai gane zancen kwafi ba, kada a tayar masa da hankali. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji.

"Ni na san saniyata, ko an ba ni ko an hana ni," ta ce. "Shi fa?"

Da safe muka hau motar Gaya ni da ita, daga can muka ɗauki babur zuwa Kademi. Muka sami Baba a zaure a kan buzunsa, ya rame, carbi a hannu. Ya ga Uwani ya yi murmushi, ya ce uwarsa ta tuna da shi. Na zauna a gabansa na faɗa masa a taƙaice: Guntuwa ta gidan Raneye ce, haka ya faɗa mini tun farko, haka na rubuta, daga baya hannuna ya ɓata rubutun ban sani ba. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Ran nan na san ta Raneye ce," in ji shi a hankali. "Ni na karɓi haihuwarta, ni na ɗaure mata ƙahon da ya karye. Da na ji takarda ta ce ba haka ba, sai na ce to shi ke nan, kan ya tafi. In wannan ma ban sani ba, me na sani?"

Uwani ta fara kuka. Ni ko ɗaga ido na kasa. Baba ya juya carbinsa sau biyu ko uku, sannan ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya tsinci abin da ya fid da rai da shi.

"Ashe da saurana," ya ce.

Bai yi mini faɗa ba, ko a ranar ko bayanta. Ya ce a miƙo masa sandarsa. Muka kama shi ni da Uwani, ya miƙe, ya yi taku huɗu ko biyar zuwa ƙofar zaure, ƙafafun suka ƙi. Dogon zama ya riga ya cinye su. Muka mai da shi kan buzun. Kafin a yanke geron shekarar Allah ya karɓi abinsa.

To kun ji yadda aka yi. In tsohuwa ta sake jan ku gefe, kada ku yi mata musu, ku ce e, shanun sun shiga hannunsa, ya kuma kora su da ƙafarsa ya kai wa mai su. Wannan ɓangaren an biya. Wata bakwai ɗin da Baba ya yi zaune a zaure, da hankalinsa garau, yana zaton ya rabu da shi saboda takardata, su ne har yau ban sami inda zan mayar ba.